Me Mai Bi Zai Gani a Kufai?

Karatu: Nehemiya 2:11-18, Makoki 3:19-26, Ibraniyawa 13:11-14

Wata ranar Lahadi a ƙarshen damina, bayan an tashi daga sujada, wani saurayi daga cikin matasan ikkilisiyarmu ya same ni a ofis riƙe da wata babbar takarda a naɗe. Ya karanta fasahar zane a Zariya, ya dawo gida yana neman aiki. Da ya warware takardar a kan tebur, sai na ga kangon wata majami'a da na sani, can a gefen gari, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Tun tarzomar shekara ta 2000 ba a ƙara raira waƙa a cikinta ba. Ya zana ta da gawayi da jar ƙasa: bango uku a tsaye, babu rufi, tagogi a wangale, gamba ta yi tsayi a inda bencina suke a dā, akuya tana kwance a kan dakalin bagade. Ya kuma kewaye hoton duka da wani saƙaƙƙen ado, zare yana bin zare, yana shiga yana fita. Roƙonsa shi ne a bar shi ya rataye hoton a zauren taro ranar bikin godiya na kaka.

Na kai maganar gaban dattawa, ina tsammani abu ne da za a gama cikin minti biyu, sai ga shi mun kai la'asar. Dattijo na farko ya daɗe yana duban hoton, sa'an nan ya ce, "Fasto, gidana yana bayan wannan bango. A daren da muka gudu ko takalmi ban ɗauka ba. Yau yaro ya mai da hawayenmu ado?" Na biyu ya ce a bar kaza cikin gashinta, gama abin da ya wuce ya wuce, tone-tone kuwa ba ya haifar da zaman lafiya. Da labari ya kai zumuntar mata, wata uwa ta aiko mini da saƙo cewa kufai gidan iskoki ne, bai kamata a shigo da kamanninsa cikin gidan Allah ba.

Dukansu uku masu tsoron Allah ne, ba kuwa wanda ya yi magana don ƙeta. Amma sun bar ni da tambayar da nake so mu yi nazarinta tare: me ya kamata mai bin Almasihu ya gani sa'ad da ya tsaya a gaban kufai? Halal ne a sami kyau a wurin da mutane suka sha wuya?

Wannan tambaya ta shafi kowane mazaunin Kaduna, gama birninmu ya san kufai tun daga tushensa. Da Turawan mulkin mallaka suka ƙaurar da hedkwatar Arewa zuwa nan a 1917, Zungeru ce suka bari da kangaye. Ko gadar ƙafar nan ta Lugga da ke lambun Gamji, daga Zungeru aka ciro ta aka kawo nan a 1954. Kafin wannan, Turunku da ke arewa da mu ta taɓa zama mazaunin sarakunan Zazzau, yau sai ragowar ganuwa da duwatsu. A zamaninmu kuma mun ga yadda masaƙun Kakuri suka yi shiru. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe ƙofa a 2002, sauran suka bi sahu, dubban magidanta suka koma gida, waɗansu suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Sa'an nan ga tarzomar Fabrairu da ta Mayu a 2000, da ta Nuwamba a 2002, waɗanda suka mai da kogin Kaduna iyaka. Kirista da yawa suka bar Rigasa da Tudun Wada da Kawo suka ƙetare zuwa Sabon Tasha da Narayi da Romi, Musulmi da yawa kuma suka bar kudu suka hayo arewa. Kowane ɓangare ya bar kango a bayansa. Mu da muka ragu a arewacin kogi muna wuce waɗannan wurare a mota, mu kau da kai.

Na tambayi saurayin inda ya samo adon da ya kewaye hoton da shi. Ya ce a makaranta ya ga hotunan wani tsohon littafin Bishara daga ƙasar Ayalan, ya yi mamakin yadda adonsa ya yi kama da dagin da magina ke yi a fuskar soraye a Zariya, da wanda maɗinka ke yi a gaban babbar riga. Maganarsa ta tuna mini da darasin tarihin ikkilisiya da muka yi a makarantar tauhidi, game da masu bi na dā a tsibiran Ayalan da Sikotilan, waɗanda ake kira Keltawa. Labarinsu yana da abin da zai koya mana.

Mutumin da aka fi sani a cikinsu shi ne Fatrik, wanda ya rayu a ƙarni na 5. Yana ɗan shekara 16 mahara suka kama shi a Birtaniya suka kai shi bauta Ayalan, ya shekara shida yana kiwo a jeji cikin sanyi da ruwan sama. Shi da kansa ya shaida cewa a can ne ya koyi addu'a. Da ya tsere ya koma gida, sai Ubangiji ya sāke aikensa da bishara wurin al'ummar da ta bautar da shi. Sunansa ba baƙo ba ne a ƙasarmu: limaman Katolika 'yan Ayalan sun daɗe suna aiki a wannan yanki, Akbishop na farko na Kaduna, John McCarthy, ɗaya ne daga cikinsu, a 1961 kuma bishop-bishop na Katolika suka ɗauki Fatrik a matsayin waliyyin Nijeriya.

Waɗanda suka biyo bayansa sun ji labarin masu ibada na Masar da ke fita hamada don neman fuskar Allah. Da yake ƙasarsu ba ta da hamada, sai suka nemi tasu a bakin duniya, a kan tsibirai da duwatsun da ba wanda yake so. A shekara ta 563 Kolumba ya sauka a wani ɗan tsibiri mai suna Ayona tare da abokai goma sha biyu, daga nan bishara ta bazu zuwa Sikotilan da arewacin Ingila. A irin waɗannan wurare suka zauna suna kwafar Littafi Mai Tsarki da hannu a kan fatar maraƙi, suna ƙawata shi da dagi, suna sassaƙa manyan gicciye na dutse su kafa su a fili, inda iska da ruwa za su doke su.

Kada mu ɗauka cikin kwanciyar hankali suka yi wannan aiki. Daga ƙarshen ƙarni na 8 'yan fashin teku daga arewacin Turai suka fara kai musu hari. An ƙone Ayona a 802, a 806 kuma aka kashe mutum 68 na jama'ar wurin. Yawancin waɗanda suka tsira suka ƙetare ruwa suka koma wani gari mai suna Kels a Ayalan. Littafin da saurayinmu ya gani, wanda ake kira Littafin Kels, an yi shi ne wajen shekara ta 800, a daidai wannan zamani na tsoro, yana nan kuma har yau a birnin Dabilin. Jama'ar da aka ƙone wa majami'a, aka kashe wa 'yan'uwa, aka tilasta wa ƙetare ruwa, ita ce ta adana mana ɗaya daga cikin littattafan Bishara mafi kyau a duniya. Wa zai fi mutumin Kaduna gane wannan labari?

Ayona ta yi ɗaruruwan shekaru daga baya tana kango. A 1938 wani fasto mai suna George MacLeod, wanda ke hidima a wata unguwar talakawa a birnin Gilasgo inda aikin ƙera jiragen ruwa ya durƙushe, ya kwashi magina da kafintoci marasa aiki tare da ɗaliban aikin fasto, ya kai su tsibirin su sāke gina gidajen da suka rushe. Masu wa'azi suka zama lebura a ƙarƙashin magina, suna cin abinci a tebur ɗaya, suna addu'a tare safe da yamma. Kangon dutse ya zama makarantar gyaran mutane.

Da wannan a zuciya, bari mu koma wurin dattawanmu uku, mu fara da uwar da ta ce kufai gidan iskoki ne. Haka muka tashi muka ji: kada a bi ta kufai da tsakar rana, kada a zauna gindin tsamiya ko kuka da almuru. Amma Littafi Mai Tsarki cike yake da mutanen da suka gamu da Allah a wuraren da kowa ya guda. Hajaratu baiwa ce da ta gudu zuwa jeji sa'ad da ta gane Allah yana ganinta. Yakubu ɗan gudun hijira ne, ya yi matashi da dutse a fili, ya farka ya tarar Ubangiji yana wurin tun bai sani ba. Ubangijinmu Yesu yakan tashi da asussuba ya tafi inda ba kowa don ya yi addu'a. Marubucin Ibraniyawa kuma ya tuna mana cewa a bayan ƙofar birni aka gicciye shi, wurin da ake ƙone abin da aka ƙi, ya kuma kira mu mu fita mu same shi a can. Idan a bayan gari aka fanshi duniya, ashe babu gefen gari da ya fita daga mulkin Almasihu. Mu ne muka bar wannan majami'a da gudu. Ubangiji bai gudu ba.

A nan sai mu yi hattara. Akwai masu sha'awar Keltawa a yau da ke magana kamar dutse da teku da kango suna da wani tsarki na kansu, har su kusa yi wa halitta sujada. Mu da kakanninmu suka bar tsafin duwatsu da itatuwa ba za mu koma can ta wata ƙofa ba. Ƙasar kufai ba ta fi ta kasuwa tsarki ba. Abin da ya bambanta ta shi ne, a kufai babu abin da zai ruɗe mu: babu kwano mai walƙiya, babu lasifika, babu sunan wanda ya ba da gudummawa a jikin bango. Mutum yakan tsaya a can ya ga iyakar aikin hannunsa, kunnensa kuma ya buɗe.

Dattijo na biyu ya ce a bar kaza cikin gashinta. Na san abin da yake tsoro, gama mun ga yadda tuna baya ke zama makami a bakin masu neman fitina. Sai dai miki da aka rufe da tsumma ba a wanke ba, ruɓewa yake yi. Yaran da aka haifa bayan 2000 sun zama magidanta, sun kuma ji labarin, ko daga bakinmu ko daga bakin waɗanda ba su da tsoron Allah. Ku dubi Nehemiya. Da ya isa Urushalima, kwana uku ya yi bai ce wa kowa kome ba, sa'an nan ya tashi da dare ya zaga garun da ya rushe, ƙofa bayan ƙofa, har ya kai inda dabbar da yake hawa ta rasa wurin wucewa saboda ɓaraguzai. Sai da ya ƙare dubawa sa'an nan ya kira jama'a su tashi su yi gini. Wanda ya ƙi duban kango ba zai san inda zai aza tubali na farko ba.

Maganar dattijo na farko ita ce mafi nauyi, ita ce kuma ta hana ni barci. Yana da gaskiya cewa akwai zunubi a cikin mai da azabar wani abin kallo. Wanda ya zo daga nesa ya ɗauki hoton kangon masaƙa don tsatsar ƙarfe ta ba shi sha'awa, bai tambayi inda masaƙan suke ba, ya ci amanar maƙwabcinsa. Jiki magayi, in ji Hausawa, wanda wuta ta ƙona shi ya san zafinta. Duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya ajiye mana littafi guda wanda aka haifa a kan toka. Littafin Makoki kukan Urushalima ne bayan da Babila ta rushe ta, ba a ɓoye kome a cikinsa ba, har yunwar jarirai a kan titi. Amma a harshen Ibraniyanci, surori huɗu na farko an tsara su ne bi da bi a kan haruffa 22 na harshen, kowane baiti da harafinsa. Mai makokin ya zauna ya auna kalmominsa kamar yadda masaƙi ke ƙirga zare. Ya yi haka ne don baƙin cikin da ba shi da mazubi yakan nutsar da mai shi. Da ya ba kukansa tsari, sai jama'a duka suka iya ɗaukarsa tare, a tsakiyar littafin kuma, a sura ta uku, ya iske jinƙan Ubangiji wanda ke sabuntuwa kowace safiya.

Saboda haka amsata ita ce, halal ne mai bi ya yi zane ko waƙa a kan kufai, gama Allah da ya cika Bezalel da Ruhunsa don aikin sassaƙa da saƙa bai janye wannan baiwa ba. Amma akwai sharaɗi. Dole aikin ya faɗi gaskiya, kada ya shafe tabon wuta daga bango don ido ya ji daɗi. Dole mai aikin ya zauna ya saurari waɗanda abin ya shafa, gama kangon gidansu ne kafin ya zama hotonsa. Dole kuma a auna abin da aikin ke haifarwa a zuciyar mai kallo. Idan yaro ya dubi hoton ya fita yana ƙin maƙwabcinsa Musulmi, to, gara a ƙone takardar. Almasihu da ya tashi daga matattu bai ɓoye tabon ƙusoshi ba, ya nuna wa almajiransa hannuwansa da kwiɓinsa, amma gaisuwar salama ce ta fara fita daga bakinsa.

Na faɗa wa dattawa wannan, na kuma roƙi dattijo na farko alfarma guda, cewa ya raka saurayin zuwa wurin. Ya yi mako biyu bai amsa ba. Ran da suka je, saurayin ya ce mini tsohon bai yi maganar wuta ba ko kaɗan. Ya nuna masa inda mata ke ajiye tukwanen kiɗa, da mangwaron da shi da kansa ya dasa, wanda har yanzu yake 'ya'ya, yaran unguwa suna sha. Ya nuna masa rijiyar da ikkilisiya ta haƙa, suka tarar da mata suna ɗiban ruwa a cikinta. Ya kuma nuna masa ƙofar wani maƙwabci Musulmi da ya ɓoye 'ya'yansa biyu a ɗakin matarsa har gari ya waye. Saurayin ya dawo ya sāke zanen daga farko. Bangon yana nan da baƙin hayaƙinsa, amma yanzu akwai mangwaro da rijiya da wata ƙofa a buɗe. Na kuma ba shi aiki na biyu, ya ƙetare kogi ya nemi kangon da Musulmi suka bari a kudu, ya saurari masu shi, ya zana shi da irin wannan girmamawa. Wanda yake kuka a kan kufansa kaɗai bai gama koyon kuka ba.

An rataye hoton ranar bikin godiya, a sama da dammunan dawa da buhunan masara. Ba zan ce kowa ya gamsu ba. Dattijo na biyu har yau yakan zauna ne inda zai ba hoton baya, ban kuwa matsa masa ba, gama kowane miki da lokacin warkewarsa.

Ni kuwa nakan tsaya in bi dagin da ke gefen hoton da ido. Zaren yakan hau bisa, sa'an nan ya nutse ƙarƙashin wani har ka ce ya yanke, sai ka gan shi ya ɓullo a gaba. Abin da nake koya daga ciki ke nan game da aikin Allah a cikin ikkilisiyarsa. A Ayona zaren ya nutse, ya ɓullo a Kels. A Girku, nan ƙasar Zazzau, Walter Gowans ya mutu a 1894 bai ga ko mutum ɗaya ya tuba ba, yau kuwa ikkilisiyoyin da suka tsiro daga wannan aiki ba su ƙirguwa da yatsu. Mu da muke arewacin kogi, waɗanda bencinanmu suka ragu, wataƙila muna daidai inda zaren ya shiga ƙarƙashi ne. Ba mu ga inda zai fito ba, amma mun san hannun da yake saƙar.

Ƙaunatattu, kowannenmu yana da kufansa: gidan da aka bari, sana'ar da ta mutu, auren da ya rushe, zumuncin da ya yanke. Kada ka ce iskoki sun gāje shi, kada ka kau da kai, kada kuma ka mai da shi rumbun ƙiyayya. Ka je ka tsaya a wurin tare da Ubangiji, ka duba da kyau kamar Nehemiya, ka kira kowace hasara da sunanta, sa'an nan ka nemi rijiyar da ba ta ƙafe ba. Annabi Ishaya ya yi alkawari a sura ta 58 cewa mutanen Allah za su sami suna na masu gyaran katangar da ta tsage, masu mai da hanyoyi wurin zama. Wannan suna yana jiran masu ɗaukarsa a Kaduna.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, kai da ka sha wuya a bayan gari, ka tsaya tare da mu a kangayenmu. Ka ba mu idon da zai ga gaskiya ba tare da ƙiyayya ba. Ka ta'azantar da waɗanda suka bar gidajensu a kowane gefen kogi. Ka tsarkake hannuwan 'ya'yanmu masu zane da masu waƙa da masu gini, ka mai da mu masu gyaran abin da ya rushe. A cikin sunanka muka roƙa. Amin.